Katin Hoto da Dajin Kawu

Sana'ata haɗa bidiyon biki ce. Mata ne ke kawo mini aiki, domin akwai abin da mace ba ta son namiji ya zauna yana maimaita kallonsa: ranar lalle, kamu, wunin ƙawaye. Ina yin aikin a wani ɗan ɗaki da ke jikin zauren gidanmu a Birnin Gwari, da wata baƙar kwamfutar tebur ta hannu da maigidana ya sayo mini a Kaduna. Shekara biyar muna tare da ita ban taɓa ganin cikinta ba. Bidiyon waya nake ba ta, ta yanka, ta haɗa, in ɗora kiɗa da sunan amarya, kowa ya tafi yana murna. Idan ta yi zafi takan yi gurnani, sai in juya mata fanka in ci gaba da aikina.

Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon malamin daji ne. Ya yi kusan shekara talatin yana aiki a dajin Kamuku, da ƙafa, da keke, daga baya da babur. Ya yi ritaya gab da lokacin da dajin ya fi ƙarfin kowa. Mu da muka taso muna ganin mata na tafiya tsintar kaɗanya, maza na dawowa da zuma a gora, yau idan aka ambaci daji a cikin hira sai ka ji kowa ya rage murya.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Kawu ya yi sallama ya shigo ɗakin aikina, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a kan benci, ya ciro wata tsohuwar hula daga aljihun rigarsa, ya warware ta. A ciki akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, da wayarsa a naɗe.

"Kin san wannan?"

"Had-dis ne, Kawu. Ajiyar hotuna da bidiyo ake yi a ciki. Ina ka same shi?"

Ya ce a shekarunsa na ƙarshe a aiki wasu masu binciken tsuntsaye sun riƙa zuwa daga jami'a, shi ne yake yi musu jagora. Rani uku da damina ɗaya suka yi suna shiga tare, suna ɗauke da wata babbar kyamara mai ƙafa uku. Ranar da za su tafi tafiyar da ba su sake dawowa ba, babbar cikinsu ta miƙa masa wannan, ta ce duk abin da suka ɗauka yana ciki, rabonsa ne. Tun daga ranar yake cikin akwatin tufafinsa.

"Idona ya fara yana," in ji shi. "Na ce bari in kawo miki, ko zan gani tun ina iya gani."

Na jona shi a hankali, don na san irin waɗannan abubuwa sukan mutu a ajiye. Ya yi 'yar ƙara, fitilarsa ta kama. Fayil sun fi ɗari uku. Na danna na farko.

Sauti ne ya fara zuwa: iska a cikin ciyawa, kukan wani tsuntsu mai maimaita murya uku, takun mutum a kan busasshen ganye. Kawu ya miƙe tsaye. Amma hoton ya ƙi tafiya. Allo ya cika da kore ya tsaya cak, ya yi tsalle zuwa wani koren, ya farfashe gida-gida, ya sake tsayawa. Kwamfutar ta shiga gurnanin da ban taɓa jin irinsa ba. Na gwada na biyu, na gwada na goma, duk haka.

Kawu ya koma ya zauna. Ya dubi kwamfutar ya ce, "Ita ma tsoron dajin take ji?"

Muka yi dariya, amma na ga yadda ya naɗe hular nan babu komai a cikinta ya mayar aljihu. Ya bar mini had-dis ɗin, ya ce in ajiye, wataƙila wata rana.

Akwai wata ƙungiya da muke ciki a waya, mu mata masu irin wannan sana'a. Na tsaya a jikin tankin ruwa, inda sabis ya fi kamawa a gidanmu, na yi bayanin abin da ya faru. Wata 'yar Zariya, wadda ta girme mu duka a aikin, ta turo mini murya. Ta ce bidiyon babbar kyamara ba irin na waya ba ne, yana da nauyi, kwamfutata kuma ba ta da girafik kad, wato katin da aikinsa kawai zana hoto a allo. Ƙwaƙwalwarta ce take yin komai ita kaɗai, shi ya sa take haki. Sannan ta ƙara da cewa, "Amma kada ki sayi kati sai kin duba fawa-fak ɗinki. Shi ne yake raba wuta a ciki. In bai da ƙarfi, kin sayi matsala da kuɗinki."

Inna, mahaifiyata, tana zaune a tabarma tana tsince wake, ta ji muryar. Ta ce, "Wace fawa kuma? Nama abar take ci?"

Washegari da safe na samo sukundireba na kwance murfin kwamfutar. Ban san me na zata zan gani ba, amma ba wannan ba. Da na hure ƙurar, sai ga wani koren faranti shimfiɗe, an ja masa layuka sirara kamar gashi, ɗaruruwa, suna tafiya tare, su karkata tare, su rabu, kowanne ya nufi inda aka aike shi. Ga ƙananan gidaje baƙaƙe a jere, ga wasu dogaye kamar rumbuna. Kamar mutum ya hau dutse yana kallon gari daga sama. Na daɗe a durƙushe ina kallo. Shekara biyar wannan gari yana ƙarƙashin teburina, duk amaryar da na taɓa haɗa wa bidiyo ta nan ta bi, ni kuwa ban taɓa ko leƙawa ba. Na ce, tsarki ya tabbata ga wanda ya ba ɗan Adam basirar yin wannan.

Na ga doguwar kafar da ake soka kati, babu komai a cikinta. Na ga fawa-fak ɗin a saman kusurwa, akwatin ƙarfe mai fitar da wayoyi kala-kala. A jikinsa an rubuta wat ɗari biyu da arba'in. Na ɗauki tef ɗin awo na ɗinki na auna tsawon wurin da kati zai shiga, na rubuta a bangon littafi.

Mako biyu na yi ina karatu a jikin tankin nan. Kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce kati in bai kai giga takwas ba wasan yara ne. Wani ya ce na hannu ya fi, wani ya ce na hannu kabari ne. Na ga hotunan katuna masu fanka uku da fitilu ja da shuɗi, kuɗinsu ya isa a sayi babur. Abin da na tara daga bukukuwan bayan Sallah ba shi da yawa, kuma na san iyakarsa. Amma raina ya riga ya kwanta a kan babban kati. Ina ganin dajin Kawu ya fi ƙarfin ƙaramin abu.

Sai aka kira su Kawu tantancewar 'yan fansho a Kaduna. Na ce da maigidana zan bi Kawu. Duk wanda yake garin nan ya san abin da hanyar take nufi, amma ya ce Allah ya tsare, in kira shi da zarar mun wuce Buruku. Na naɗe kwamfutar da zane biyu. Had-dis ɗin kuwa Kawu ya ce ba zai hau hanya ba. Na kwafi bidiyo ɗaya kawai a filashi, gajere, don gwaji.

Mun taru a tasha tun da sassafe, motoci a jere, ana jiran jami'an rakiya. Da aka tashi, direba ya kashe rediyo. Ina riƙe da kwamfutar a cinya kamar jaririya. Babu mai magana sai wata tsohuwa da ke jan carbi a bayana. Daji ya rufe mu dama da hagu, kore shar, don damina ta yi nisa. Ni ƙasa nake kallo. Kawu kuwa fuskarsa na jikin gilashi, leɓensa na motsi. Na zata addu'a yake yi. Da na kasa kunne sai na ji yana cewa, "Doka. Doka. Maje. Kirya ce waccan. Marke." A hankali, kamar mai gaida mutanen unguwa yana wucewa. Mun wuce ƙauyuka biyu da babu kowa a cikinsu, ciyawa ta fito a kan katangu. A nan ya daina kiran sunayen bishiyoyin. Da muka hango rumfunan Buruku sai motar ta cika da surutu lokaci guda, wani ya fara cinikin rake ta taga.

Kawu ya gama da ofishinsu kafin azahar, muka nufi wani bene kusa da babbar kasuwa inda ake sayar da kayan kwamfuta. 'Yar Zariyar nan ta kwatanta mini shagon wani mai gyara a hawa na biyu, can ƙarshen lungu. Dattijo ne ɗan Gbagyi, mai furfura a gemu, da tabarau rataye a wuya. Kowa Injiniya yake ce masa. Ya ba Kawu kujerarsa, ya karɓi kwamfutar ya kwance ta kafin in gama bayani.

"Malama, wasa za ki yi da ita ko aiki?"

Na ce aiki, na faɗa masa irin bidiyon.

"Wace wuta kike amfani da ita?"

Ban zaci wannan tambayar ba. Na ce wutar gari takan yi watanni ba mu gan ta ba. Sola nake da ita, faranti biyu, batir ɗaya, da ƙaramar infata mai juya wutar batir.

Ya gyaɗa kai, ya shiga ciki ya fito da kati biyu ya ajiye a kan tebur. Na farko dogo ne, mai fanka biyu, da bututun jan ƙarfe suna lanƙwashe a cikinsa suna ƙyalli. Giga takwas. Na biyu bai kai rabinsa ba, fanka ɗaya, giga huɗu. Abin mamaki, kuɗinsu kusan ɗaya ne. Hannuna ya tafi kan babban tun kafin ya yi magana.

"Kowa shi yake fara taɓawa," in ji Injiniya. "Bari in gaya miki tarihinsa. Irin waɗannan daga waje ake kawo su, daga ɗakunan da ake jera su ɗari-ɗari suna haƙar kuɗin intanet. Dare da rana, shekara da shekaru, ba a kashe su. Yana aiki, na gwada shi. Zai iya yi miki shekara uku, zai iya yi miki wata uku, ba zan rantse ba. Kuma yana da ci. Shi kaɗai zai sha wutar da ta ninka ta ƙaramin nan, sai an ja masa wayarsa daban daga fawa-fak. Batirinki ɗaya ne."

Na ciro littafina na duba awon da na yi. Na ɗora tef a kan babban katin. Zai shiga, amma da ƙyar, saura faɗin yatsa. Na ce a raina, ai shiga ita ce magana.

"Idan na ɗauki babban," na ce, "akwai fawa-fak mai sauƙin kuɗi da zai ja shi?"

"Akwai."

Ya ɗauko guda biyu. Ɗaya sabo fil a kwali mai hoton walƙiya, an rubuta wat ɗari shida da hamsin da manyan haruffa. Ɗayan ba shi da kwali, baƙi ne, wat ɗari huɗu da hamsin, kuma ya fi na farkon tsada nesa ba kusa ba. Kuɗina zai isa babban kati da mai walƙiya, ko ƙaramin kati da baƙin. Ba zai isa babban kati da baƙin ba.

Injiniya ya ɗauki fawa-fak ɗin duka biyu. Ya juya wajen Kawu ya ce, "Baba, miƙo hannuwanka." Ya ɗora masa ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

Kawu ya jinjina su. Ya ɗaga mai walƙiyar sama ya girgiza shi kusa da kunnensa. "Wannan ai fanko ne," ya ce. Ya sauke ɗayan a kan gwiwa. "Wannan kuwa da kaya a cikinsa."

"Shi ke nan, Baba ya gama aikina," in ji Injiniya. "Rubutu kowa ya iya. Jan ƙarfen da ke ciki shi ne nauyin, shi ne kuma kuɗin." Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur da ƙafa. Cike yake da korayen faranti irin na cikin kwamfutata, kowanne da baƙin tabo, wasu sun kumbura. Warin ƙuna ya taso. "Duk waɗannan marasa nauyin ne suka kashe su. Idan zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai. Yakan tafi da kati, ya tafi da faranti, wani lokaci har da abin da aka jona a jiki."

Abin da aka jona a jiki. Na tuna ɗan akwatin ƙarfen da ke gida, wanda babu na biyunsa a hannunmu.

Na tambaye shi ko ƙaramin katin ba zai iya aiki da tsohon fawa-fak ɗina ba, tunda ba ya buƙatar waya daban. Ya ce a takarda zai iya. Ya haska fitilar waya cikin tsohon, ya nuna mini wasu 'yan gwangwanaye biyu da kansu ya tashi kamar burodi. Ya ce wannan ya riga ya yi sallama, ranar tafiya kawai yake jira.

Na tsaya ina kallon babban katin nan da bututunsa masu ƙyalli. Wallahi har yau ina tuna kyansa. Sannan na ture shi gefe na ce a ba ni ƙaramin da baƙin.

Na zata zai ɗaura mini ne. Sai ya miƙo mini sukundireba.

"Ke za ki sa. Idan wani abu ya kwance a can, ba za ki hau wannan hanyar don ƙusa ɗaya ba."

Ya sa na taɓa ƙarfen jikin akwatin tukuna. Na kwance tsohon fawa-fak, ya sa na ɗauki hoton kowace waya kafin in cire ta. Na ɗaura sabon, na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, babbar mai baki da yawa, ƙaramar mai baki huɗu. Sai aka zo kan kati. Na saita haƙoransa na zinariya a bakin kafar, na danna a hankali, ya ƙi.

"Danna, Malama. Ba ƙwai ba ne."

Na danna. Ya yi ƙas, ya zauna.

Ya jona allonsa, ya saka manhajar da katin yake buƙata, muna jira. A nan ne na tambaye shi abin da yake damuna tun a gida: me wannan ɗan abu yake yi da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kasa? Ya ce in matso da idona jikin allo. Na matsa har na ga hoton ya zama ƙananan ɗigo. Ya ce sun fi miliyan biyu a allon nan, kowanne da launinsa, kuma kafin in ƙifta ido sau ɗaya an sake wa kowannensu launi sau da yawa. Ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar malamai huɗu ne masu ilimi, sun iya komai amma su huɗu ne. A cikin katin kuwa akwai ɗaruruwan ma'aikata, ba su san komai ba sai abu ɗaya, kowa ya ɗauki ɗigonsa, su yi tare su gama tare. Na dubi katin. Bai kai tsawon tafin ƙafata ba.

Na soka filashi na danna bidiyon.

Doguwar ciyawa ce, ta cika allo, iska na bi ta kanta tana kwantar da ita tana tashi. Kowane zare daban, kowanne da nasa motsin. Sai ciyawar ta dare, burtu ya fito, baƙi wuluk, da jan maƙogwaro, yana taku ɗai-ɗai kamar mai gari ya fito zagaye. Ya tsaya, ya juyo da kai, har gashin idonsa ana gani. Fankar katin ko ƙara ba ta yi ba.

Injiniya ya sa tabaransa. Maƙwabcinsa mai sayar da firinta, da ya leƙo aron caja, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wannan wace ƙasa ce?" in ji mai firinta. "Irin ta talabijin ɗin nan ce, Kenya?"

Kawu bai ɗauke ido daga allon ba. Ya ce, "Bayan garinmu ne. Tafiyar awa biyu a babur."

"Birnin Gwari?" Mutumin ya sake matsowa. "Birnin Gwarin da muke ji a labarai?"

"Ita."

Sau huɗu aka maimaita bidiyon nan mai daƙiƙa arba'in. Da za mu tafi Injiniya ya rako mu har bakin bene, yana riƙe da kwamfutar da kansa. Ya ce kakarsa daga wajen can take, tana yi musu labarin dajin suna yara, shi bai taɓa zuwa ba.

Mun kwana a gidan yayata, muka bi rakiyar safe muka koma lafiya. Ban kunna kwamfutar ranar ba, batir ya yi ƙasa. Sai washegari da hantsi, rana ta hau kan farantan sola sosai, na aika aka kira Kawu. Inna ta shigo da kujerarta 'yar tsugunno, ta ce bari ta ga abin da aka sayo wa nama. Na rufe taga da labule don hasken allo ya fito.

Ba zan iya ba da labarin duk abin da muka gani ba. Har la'asar muna zaune, sai salla ke tashin mu. Mun ga garken gwanki suna tsallaka fako da sassafe, ƙahonninsu a lanƙwashe baya, ƙura na tashi a ƙafafunsu tana kama hasken rana. Mun ga gwaggon biri zaune a kan dutse tana duba kan ɗanta, sak yadda Inna take duba kan jikokinta, har Inna ta ce a wuce wannan. Mun ga ruwa yana zubowa daga kan duwatsu a Dogon Ruwa, fari fat, feshinsa na tashi kamar hayaƙi. Wani wurin an hau kan dutse an juya kyamarar a hankali, daji ya shimfiɗu har inda ido ya ƙare, kore a kan kore, gizagizai na jan inuwarsu a kansa. Ni da aka haifa a bakin wannan daji, ban taɓa sanin haka girmansa yake ba.

Inna ta daina wasa tun a bidiyo na uku. A wani ƙauye wajen Gwaska aka haife su ita da Kawu, rabonta da can ya fi shekara goma. Da aka nuno wani rafi mai giginyu uku a bakinsa, ta ɗora hannu a ƙirji ta ce, "Yaya, ba nan ne muke wanki ba?" Kawu ya ce a'a, wancan yana gaba, amma ruwan ɗaya ne. Ta ce in mayar baya. Na mayar. Ta ce in sake.

Can wajen fayil na sittin, hoton ya buɗe a kan wani kurmi, babu abin da ke motsi. Na kai hannu zan wuce, Kawu ya riƙe mini wuyan hannu. Sai muka ji murya daga cikin sifika, ƙasa-ƙasa, da Hausa: "Kada kowa ya motsa. Iska na wajenmu." Muryar Kawu ce, amma ta lokacin ƙarfinsa, ba ta rawa.

Reshen wata bishiya ya sunkuyo ƙasa da kansa, ya karye. Abin da na ɗauka inuwa ce ya motsa. Giwa ta fito daga cikin ganye, a hankali, kunnuwanta na kaɗawa, jikinta ja da laka. Wata ta biyo ta. Sannan wata ƙarama, tana tafe a tsakanin ƙafafun uwar, tana wasa da hancinta kamar ba ta gama sanin amfaninsa ba. Babbar ta tsaya ta ɗaga hanci sama tana shaƙar iska. Ana ganin kowane layi na fatarta, ana ganin ƙudajen da ke zagaye idonta. Ta yi wani gurnani mai zurfi da na ji shi a cikin cikina kafin kunnena.

Inna ta ce, "La'ilaha illallahu." Ta ce tun suna yara ake cewa giwaye sun shiga gonar wane sun cinye dawa, ta ga sawunsu sau ɗaya, faɗinsa kamar faifai, amma ba ta taɓa ganin su ba. Shekara sittin da wani abu, sai yau, a ɗakin 'yarta.

Kyamarar ta ɗan karkata, gefen fuskar wani mutum ya shigo, da kakin aiki da hular sanyi, yana durƙushe a bayan suri, bakinsa a buɗe yana murmushi. Kawu ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Ashe haka nake," ya ce.

Na tambaye shi ko suna nan har yanzu. Ya ce bai sani ba. Giwa tana da hanyarta tun kakanni, kuma ba ta son ƙarar bindiga. Wataƙila sun yi yamma. Wataƙila suna wani lungu da ko mutanen dajin ba su sani ba, don akwai irin waɗannan wuraren, shi ma bai gama su ba.

Labari ya bazu a unguwa. Mata suka riƙa zuwa da hantsi, wasu da goyo, su zauna a ƙasa su ce a sa musu giwaye. Na sayo wani had-dis na kwafe komai, na ba maigidana ya ajiye a shagonsa. Aikin biki ma ya sauƙaƙa, abin da yake cin wuni yanzu kafin azahar na gama.

Amma masu binciken nan lamba kawai suka sa wa fayilolin, babu sunan wuri ko ɗaya. Shi ya sa muka fara wani aiki ni da Kawu. Duk Asabar yakan zo, in sa masa makirufo a wuyan riga, in kunna bidiyo, shi kuma ya faɗi inda ne, da sunan bishiya, da abin da ake yi da ita, da wanda ya taɓa zama a wurin. Mun yi tamanin da 'yan kai zuwa yanzu.

Asabar ɗin da ta wuce ya zo da wani abokinsa, tsohon Bafulatani da ya yi kiwo a dajin tun yana saurayi, yanzu yana zaune a bakin gari da 'yan shanun da suka rage masa. Na kunna musu wani mashigin ruwa mai farin yashi. Kawu ya faɗi sunansa. Tsohon ya girgiza kai ya ce ba haka ba ne, ya faɗi wani suna da Fulatanci, ya ce a nan saniyarsa ta taɓa haihuwar tagwaye, ba zai manta ba. Kawu ya ce shekara talatin yana rubuta sunan wurin a rahoto. Tsohon ya ce shi kuma shekara hamsin yana shayar da shanu a wurin, ba a rahoto ba. Suka juyo gare ni kamar ni ce alƙali.

Na ciro makirufo na biyu daga aljihun tebur, na maƙala wa tsohon a wuyan riga, na ce kowa ya faɗi nasa, ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya tambaye ni ko sai ya fara da sallama.